Daga Juma'a zuwa Lahadi, ina dare na uku? Lissafin makon Ista da kalandar Yahudawa

"Baba Malam, barka da aiki. Ni malamin makarantar Lahadi ne, ina koyar da yara 'yan shekara 12 zuwa 15. Ranar Ista da ta wuce wata yarinya ta ɗaga hannu ta ƙirga mini a yatsunta: daren Juma'a ɗaya, daren Asabar biyu, to ina dare na uku da Matiyu 12:40 ya faɗa? Na rasa ta cewa. Daga baya wani abokina ya turo mini bidiyo a WhatsApp, mai wa'azin yana cewa ranar Laraba aka gicciye Yesu, wai Juma'a Mai Kyau ƙirƙirar Romawa ce. Ya ƙara da cewa a 2024 mun yi Ista ranar 31 ga Maris, Yahudawa kuwa ba su shiga Idin Ƙetarewa ba sai 22 ga Afrilu, wato mun yi bikin tashi tun kafin idin da aka yi mutuwar a cikinsa ya zo. Don Allah a warware mini."

Ɗana, sannu da ɗawainiyar yara. Ka gaishe mini da yarinyar nan, ka kuma gaya mata lissafinta bai yi kuskure ba. A ayar da ta kawo, Yesu ya ce kamar yadda Yunusa ya yi yini uku da dare uku a cikin babban kifi, haka shi ma zai yi yini uku da dare uku a cikin ƙasa. Wanda ya rasu ranar Juma'a da la'asar ya tashi Lahadi da asuba, dare biyu ya yi a kabari, ko wa ya ƙirga. Idan na fahimce ka, abu uku ka ɗaure a tsumma guda: tsawon zaman Yesu a kabari, da ranar da aka gicciye shi, da dalilin da ya sa Istarmu take saɓa wa idin Yahudawa. Dukansu suna rataye ne a kan yadda Bayahude na ƙarni na farko yake ƙirga rana da wata. Kwanakin nasu ne, mu kuwa muna auna su da agogon hannu da kalandar bango.

Yadda suke ƙirga kwana

A wurin Yahudawa rana tana farawa ne da faɗuwar rana. Littafin Firistoci 23:32 ya ce a kiyaye hutu daga maraice zuwa maraice, Farawa sura ta 1 kuma kullum maraice take fara ambata kafin safiya. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnen Bahaushe. Idan tsohuwa ta ce maka "daren Juma'a", daren da ya biyo bayan yinin Alhamis take nufi. Maƙwabtanmu Musulmi in suka ga jinjirin watan azumi da magariba, a daren nan suke fara asham, domin ɗaya ga wata ta riga ta shiga. Ka lura, yarinyar ajinka da ta ce "daren Juma'a" da lissafin boko ta faɗa. Da kakarta ce, da "daren Asabar" za ta kira shi, kuma haka Bitrus da Yahaya za su kira shi.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Mu Hausawa darare muke ƙirgawa, shi ya sa ma kalmar tamu "kwana" ce. Su kuwa ranaku suke ƙirgawa, suna haɗawa da ranar da aka fara da wadda aka ƙare, ko da ɗan gutsure ne aka taɓa daga kowace. Ɗauki suna. An haifi jariri ranar Litinin, Litinin ta zagayo aka yanka rago, mu sai mu ce ya kwana bakwai. Bayahude ya yi wa ɗansa kaciya a wannan Litinin ɗin, amma shi rana ta takwas yake kiranta, kamar yadda Luka 2:21 ya faɗa game da Yesu. Tsawon lokacin ɗaya ne, bakin da ya ƙirga ne daban. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru sun san irin wannan a Faransanci, inda ake ce wa mako guda kwana takwas, mako biyu kwana goma sha biyar. Mu ma ai mukan ce "kwana biyu ban gan ka ba" ga mutumin da muka yi wata shida ba mu haɗu ba, ba wanda ya taɓa ɗauko mana kalanda a kan haka.

In zan koyar da wannan a aji, ƙwarya uku nake jerawa a kan tebur da kwanon gero a gefe. Ta farko Juma'a ce: Yesu ya cika wajen ƙarfe uku na yamma, Yusufu mutumin Arimatiya ya sa shi a kabari kafin rana ta faɗi, sai in barbaɗa ɗan gero kaɗan. Ta biyu Asabar, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar, in cika ta fal. Ta uku Lahadi, wadda ta fara tun magaribar Asabar, zuwa asuba an ci kusan rabinta, in zuba rabi. Daga nan in tambaye su, ƙwarya nawa ke da gero? Uku. Gero nawa ne in an haɗa? Bai cika ƙwarya biyu ba, awa 36 ne ko ɗan sama da haka. Wani ɗalibina manomi ya taɓa cewa, "Malam, ai ko a ƙwadago wanda ya zo da azahar ya ce ya yi ranar." Ban taɓa samun bayanin da ya fi nasa ba.

Kada ka ɗauka wayo ne na masu neman kare al'ada. Littafi Mai Tsarki da kansa haka yake ƙirga. A Esta 4:16 sarauniya ta ce a yi azumi kwana uku, dare da rana, sa'an nan ta shiga wurin sarki. A 5:1 sai ga ta ta shiga a rana ta uku, ba ta jira ta huɗu ba. A 1 Sama'ila 30:12-13 an ce bawan nan Bamasare ya yi yini uku da dare uku bai ci bai sha ba, shi kuma da bakinsa ya ce yau kwana uku ke nan da ya kamu da ciwo. A Matiyu 27:63-64 manyan firistoci sun gaya wa Bilatus cewa Yesu ya ce zai tashi bayan kwana uku, sai suka roƙa a tsare kabarin har rana ta uku. A kunnensu maganganun biyu abu guda ne. Akwai ma magana a Talmud na Urushalima, littafin koyarwar malaman Yahudawa, da aka danganta ga Rabbi Eleyazar ɗan Azariya, wanda ya rayu wajen ƙarshen ƙarni na farko, cewa yini da dare ma'auni ɗaya ne, kuma ɓangaren ma'aunin ana ɗaukarsa kamar cikakkensa.

Wanda na fi so in nuna wa masu cewa dole sai awa 72 shi ne labarin Karniliyas, hafsan sojan Roma a Kaisariya, a Ayyukan Manzanni sura ta 10. Ya ga wahayi da ƙarfe uku na yamma ya aiki mutane su kira Bitrus. Kashegari suka isa Yafa. Kashegari Bitrus ya tashi tare da su. Kashegari suka shiga Kaisariya. Ƙirga da agogo, awa 72 ne cif. Amma a aya ta 30 Karniliyas kwana huɗu ya kira shi. Ashe da Yesu ya cika awa 72 a kabari, da manzanni "rana ta huɗu" za su riƙa wa'azi da ita, alhali daga Bulus a 1 Korantiyawa 15:4 har zuwa Bitrus a gidan Karniliyas ɗin nan, "rana ta uku" suke ta faɗa.

Ba zan ɓoye maka ba, dare na uku babu shi a lissafin Juma'a, kuma ba na son dabarar masu cewa duhun nan na awa uku da ya rufe ƙasa lokacin da Yesu yake kan gicciye shi ne daren. Tilasta wa nassi ne. Matiyu 12:40 ta ɗauko kalmomin Yunusa 1:17 ne yadda suke, salon magana ne na mutanen da ke kiran gutsuren rana da sunan "yini da dare". Aya ɗaya ce tak a Sabon Alkawari ta yi maganar darare uku, Luka 11:29-30 ma da ya kawo alamar Yunusa bai sa adadin kwanaki ba. Ƙa'idata a nan ita ce a karanta guda ɗayan da hasken masu yawan.

Hujjar masu cewa Laraba

Mai wa'azin bidiyon ba daga iska ya ɗauko maganarsa ba, ya kamata a ba shi haƙƙinsa. Ga yadda suke ginawa. Ranar farko ta Idin Gurasa Marar Yisti, 15 ga Nisan, watan Yahudawa da ake Idin Ƙetarewa a cikinsa, ranar hutu ce ko a wace ranar mako ta faɗa, kamar yadda Firistoci 23:6-7 ya umarta. Yahaya 19:31 kuma ya ce Asabar ɗin da ta biyo bayan gicciyewar babbar rana ce. Sai su ce ashe hutu biyu aka yi a makon: na idi ranar Alhamis, na mako ranar Asabar, da Juma'ar aiki a tsakani. Suna ƙarfafa wannan da kayan ƙanshi. Markus 16:1 ya ce matan sun saya bayan Asabar ta wuce, Luka 23:56 ya ce sun shirya kafin su huta ranar Asabar. Yaya za a shirya abin da ba a saya ba tukuna? Sai dai in ranar Juma'a suka saya suka haɗa. Suna kuma nuna cewa kalmar Asabar a Matiyu 28:1 jam'i ce a Helenanci.

Gini ne mai kyan gani, amma ga inda yake tsagewa. Luka 24:21, mutum biyun nan a hanyar Imuwasu, ranar Lahadi da yamma, sun ce yau rana ta uku ke nan da faruwar abin. Daga Laraba, Lahadi rana ta biyar ce a lissafinsu, ta huɗu a namu. Babu ƙirgar da za ta mai da ita ta uku. Sa'an nan Markus 15:42 ya kira ranar gicciyewa "ranar shiri", ya fassara da kansa cewa jajiberen Asabar ce. Kalmar ita ce paraskewe, kuma har yau sunan ranar Juma'a ke nan a ƙasar Girka. Jam'in Asabar ma ba hujja ba ne, domin a Matiyu 12:1, inda almajirai suka tsinki zangarniyar alkama suna ci a rana guda, jam'in aka yi amfani da shi.

Kayan ƙanshin kuwa, duk wanda ya taɓa zama a gidan rasuwa ya san yadda abin yake. Ana fara haɗa abin da ke gida a gurguje, in kasuwa ta buɗe a ƙaro. Da faɗuwar ranar Asabar shaguna suke buɗewa a Urushalima, nan suka sayi ƙari. Tambayar da masu Laraba ba su taɓa ba ni amsarta mai gamsarwa ba ita ce wannan: in Juma'a ranar aiki ce, me ya hana matan zuwa kabarin a ranar? Marta ta ce gawar Li'azaru ta yi wari a kwana huɗu. Matan da suka yi sammako tun da duhu ba masu jinkirin kwana huɗu ba ne.

Batun ƙirƙirar Romawa kuma tarihi bai goyi bayansa ba. Littafin koyarwa da ake kira Didake, na ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, ya riga ya umarci masu bi su yi azumi ranar Laraba da ranar shiri, wato Juma'a. Jastin Mai Shahada, wajen shekara ta 150, ya rubuta wa sarkin Roma cewa an gicciye Yesu ana gobe Asabar, ya bayyana ga almajiransa kashegarin Asabar. A lokacin ikilisiya farautarta ake yi, Kwanstantin kuma, sarkin Roma na farko da ya rungumi addinin Kirista, sai bayan fiye da shekara 150 ya zo.

Inda ƙullin gaske yake

Ranar mako ba ta ba ni wahala, Bisharu huɗu duka sun ce Juma'a. Abin da ya fi ɗaure kan malamai shi ne, Juma'ar nan nawa ga wata ce? Bisa Fitowa sura ta 12, ana ware ɗan rago ranar 10 ga wata, a yanka shi ranar 14 da yamma, a ci shi da dare, wanda a lissafinsu 15 ta riga ta shiga. Yosifus, Bayahuden marubucin tarihi na ƙarni na farko, ya ce a Haikali ana yankan ne daga sa'a ta tara zuwa ta goma sha ɗaya, wato ƙarfe uku zuwa biyar na yamma.

To Markus 14:12, tare da Matiyu da Luka, sun nuna almajirai sun shirya jibin ne a ranar da ake yanka ragon. In haka ne, jibin ƙarshe shi ne abincin idi, Juma'a kuma 15 ga Nisan ce. Yahaya kuwa ya ce da safiyar Juma'a shugabannin Yahudawa sun ƙi shiga fadar Bilatus don kada su ƙazantu su kasa cin abincin idi (18:28), ya kuma kira ranar jajiberen Idin Ƙetarewa (19:14). A nasa lissafin Juma'a 14 ce, ba a ci ragon ba tukuna. Tazarar kwana ɗaya ce, amma ta sha tawada.

An bi hanyoyi da dama don a daidaita su. Wasu sun ce Yahaya da ya ce "idi" makon gaba ɗaya yake nufi, abincin da shugabannin ke tsoron rasawa kuma hadayun sauran kwanakin ne, don haka babu saɓani, 15 ce. Wasu sun ce mutanen Galili daga fitowar rana suke ƙirga yini, na Yahudiya daga faɗuwarta, sai cin ragon ya rabu dare biyu. Wata masaniya Bafaranshiya, Annie Jaubert, ta kawo shawara a 1957 cewa Yesu ya bi kalandar rana mai kwana 364 irin wadda aka samu a tsofaffin littattafan Yahudawa da aka gano a Kumran, kusa da Tekun Gishiri, inda idin kullum yake faɗawa daren Talata wayewar Laraba. Shawararta tana da daɗi domin tana ba da isasshen lokaci ga shari'o'in da aka yi wa Yesu, sai dai babu inda aka nuna Yesu yana bin wata kalanda dabam da ta Haikali a sauran idodi. Mu da muka sha ganin gari guda ya yi Salla yau, maƙwabcinsa gobe, saboda saɓanin ganin wata, ba za mu ce idi a rana biyu abu ne da ba ya yiwuwa ba. Yiwuwa dai ba shaida ba ce.

Ni na fi karkata ga lissafin Yahaya, kuma dalilaina daga cikin Markus ɗin na samo su. A 14:2 shugabannin sun ce kada a kama shi a lokacin idi. Saminu Bakurane daga ƙauye yake shigowa da aka tilasta masa ɗaukar gicciye. Yusufu ya sayi likkafani a ranar. Majalisa ta zauna, an yi shari'a, an zartar da kisa. Duk wannan ya fi kama da jajibere, ranar kai-da-kawo, fiye da babbar ranar idi da aka hana aiki. Talmud na Babila ma, wanda ba abokin ikilisiya ba ne, ya ce a jajiberen idin aka rataye shi. In haka ne, Yesu ya san ba zai kai daren idi ba, sai ya gabatar da nasa jibin da kwana ɗaya, da siffar idi da ma'anarsa. Ka duba, a labarin jibin an ambaci gurasa da ƙoƙo, ba a nuna kowa yana cin naman rago ba. Ya cika a kan gicciye a sa'ar da ake yanka raguna a Haikali, 15 ga wata ta faɗo ranar Asabar, shi ya sa Yahaya ya kira ta babbar rana: hutun idi da hutun mako sun hau kan juna. Kashegarin Asabar kuma, bisa Firistoci 23:11, ake kaɗa damin nunan fari na sha'ir, Bulus kuwa ya kira Almasihu ɗan ragonmu na Idin Ƙetarewa a 1 Korantiyawa 5:7, ya kira shi nunan fari a 15:20. Raunin wannan ra'ayi shi ne Markus 14:12 da Luka 22:15, waɗanda a zahirinsu suna kiran jibin abincin idi. Akwai malamai masu tsoron Allah da ilimi a ɓangaren 15 ga wata, ban kuma ɗauke su ɓatattu ba.

Wace shekara?

Bilatus ya yi mulkin Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36, Kayafa yana babban firist a duk tsawon lokacin. Luka 3:1 ya ce Yahaya Mai Baftisma ya fara wa'azi a shekara ta 15 ta mulkin Tibariyas, wajen 28 ko 29 ke nan. Masana taurari suna iya komawa baya su lissafa tsayuwar wata a Urushalima. Biyu daga Jami'ar Oxford, Colin Humphreys da Graeme Waddington, sun buga irin wannan lissafi a 1983, kuma shekaru biyu ne suka fi dacewa da 14 ga Nisan ta faɗo Juma'a: 7 ga Afrilu na shekara ta 30, da 3 ga Afrilu na shekara ta 33. Sun zaɓi 33, har suka nuna an yi husufin wata a yammacin ranar. Duhun tsakar rana dai ba husufin rana ba ne, domin idin a tsakiyar wata ake yinsa, lokacin da wata ya cika, husufin rana kuwa sai a ƙarshen wata.

A nan sai a yi hattara. A zamanin Yesu da ido ake ganin wata, shaidu su zo gaban majalisa a yi musu tambayoyi, sa'an nan a yi shela. Hadari ko ƙura na iya ɗage wata da kwana ɗaya. Shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kwana 11. Kalandar Hijira ta bar wannan gibi yadda yake, shi ya sa azumi yake zagaya damina da rani da hunturu. Yahudawa ba za su iya barinsa ba, tun da idinsu yana bukatar damin sabon sha'ir, don haka sukan ƙara wata na 13, Adar na biyu. A wancan zamani majalisa ce ke yanke shawarar ƙarin, tana duban nunar sha'ir da girman 'yan raguna da daidaituwar dare da rana. Kwamfuta tana iya gaya maka inda wata yake a sama a shekara ta 30, amma ba ta da labarin abin da majalisa ta yanke. Kalandar lissafi da Yahudawa ke bi yau, mai ƙara wata sau 7 a cikin shekara 19, daga baya ta zo, al'adarsu tana danganta ta ga Hillel na Biyu wajen shekara ta 359. Duk wanda ya buɗe manhajar kalandar Yahudawa a waya ya koma shekara ta 31 ya ce ga Laraba ta fito, ya auna zamanin Yesu ne da ma'aunin da ba a ƙera ba tukuna. Tsakanin 30 da 33 ni na fi jin 33, amma ba zan rantse a kai ba.

Abin da ya raba Ista da idin Yahudawa

Masu bi na farko a Asiya Ƙarama, ƙasar Turkiyya ta yau, suna yin bikinsu ne ranar 14 ga Nisan ko a wace ranar mako ta faɗa, suna cewa daga manzo Yahaya suka gada. Roma da Iskandariya suna jiran Lahadi. Wajen shekara ta 155 Polikap, bishop na Simirna, ya je Roma ya tattauna da bishop Anisetus. Ba wanda ya ja ɗan'uwansa zuwa ra'ayinsa, suka ci Jibin Ubangiji tare suka rabu lafiya. Bayan kamar shekara 40 bishop Biktor na Roma ya nemi yanke zumunci da ikilisiyoyin Asiya a kan wannan, sai da bishop Ireniyas na Liyon ya rubuta masa ya ja masa kunne. Yau Shaidun Jehobah ne aka fi sani da riƙe 14 ga Nisan.

Taron bishop-bishop da aka yi a Nikiya a shekara ta 325 ya yanke cewa kowa ya yi bikin a rana ɗaya, kuma a daina jiran shelar Yahudawa. Dalili ɗaya na lissafi ne, domin ana ƙorafin cewa a wasu garuruwa idin Yahudawa yana faɗowa kafin dare da rana su daidaita. Ɗaya dalilin ba abin alfahari ba ne: wasiƙar da Kwanstantin ya aika bayan taron cike take da baƙar magana a kan Yahudawa. Ƙa'idar da ta zauna daga baya, bisa lissafin Iskandariya, ita ce Lahadin farko bayan cikar wata da ta faɗo ranar 21 ga Maris ko bayanta. Shi ya sa Ista ba ta sauka ƙasa da 22 ga Maris, ba ta wuce 25 ga Afrilu. In ka duba da kyau, Nisan ɗin ne dai ikilisiya take lissafa wa kanta: cikar watan nan ita ce 14 ga wata, Lahadin da ke biye ita ce ranar tashi. Sunan ma bai canza ba a yawancin harsuna. Helenawa suna cewa Paska, Habashawa Fasika, wasu Hausawa Faska, duka daga Pesak, sunan Idin Ƙetarewa da Ibrananci. Turancin Ingilishi da Jamusanci suna cikin waɗanda suka fita dabam, mu kuma muka ari "Ista" daga bakin Ingilishi.

To me ya faru a 2024? Shekarar Yahudawa ta 5784 mai wata 13 ce. Wata ya cika ranar 25 ga Maris. A lissafin ikilisiyar Yamma ya wuce 21 ga Maris, don haka shi ne watan idi, Ista ta zama 31 ga Maris. A kalandar Yahudawa kuwa wannan wata Adar na biyu ne, Nisan sai na gaba, idinsu ya fara da yammacin 22 ga Afrilu. Kalandarsu tana ɗan zamewa gaba da kimanin kwana ɗaya a cikin shekara ɗari biyu da wani abu, shi ya sa a yanzu sau 3 a kowace shekara 19 suke ƙara watan a shekarar da lissafin rana bai bukace shi ba. Ya faru a 2005 da 2008 da 2016. A sauran shekarun tare ake tafiya. A 2019 da 2022 ma Juma'a Mai Kyau ta faɗo daidai ranar 14 ga Nisan, kamar yadda Yahaya ya tsara makon.

Ikilisiyoyin Otodoks, har da Kibɗawan Masar da Sudan da na Habasha, suna da nasu saɓanin. Suna lissafi da tsohuwar kalandar Yuliyas, wadda Paparoma Giregori na 13 ya gyara a 1582 ta hanyar tsallake kwana 10, aka kwanta 4 ga Oktoba aka tashi 15. Yanzu tazarar ta kai kwana 13, don haka 21 ga Maris ɗinsu ita ce 3 ga Afrilu tamu. A 2024 sai 5 ga Mayu suka yi nasu bikin, a 2025 kuma kowa ya haɗu a 20 ga Afrilu. An yi taro a Halab ta Siriya a 1997 don a samo lissafi guda, shawarar ba ta kai ga aiki ba.

Ka shirya, domin tambayar abokinka za ta dawo. A 2027 za mu yi Ista ranar 28 ga Maris, Yahudawa su shiga idinsu da yammacin 21 ga Afrilu, Otodoks kuma su yi nasu ranar 2 ga Mayu. Kafin nan ka nemi ƙwarya uku da mudun gero, ka ba yarinyar nan ita ta zuba da hannunta, ka kuma sa ajin su karanta Ayyukan Manzanni sura ta 10 su ƙirga kwanakin Karniliyas a yatsunsu.